Ratar da Mai Dawowa Yake Bari

Masu yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa suna da wata tambaya da ba ta rabuwa da bakinsu: idan jirgi ya tsaya a tashar Sawsamton ta Ingila da asuba, jirgin ƙasa na ƙarfe nawa ya kamata mutum ya yanki tikitinsa na komawa gida? Abin da ya ba tambayar nauyi shi ne tikiti mai araha a can na jirgi ɗaya ne tak, in ya tashi ya bar ka kuɗinka sun bi ruwa, mai tsada kuwa duk jirgin da ka tarar sai ka shiga. Fasinjoji dubbai ne, rukuni-rukuni ake sauke su, ga jiran kaya, ga binciken duwan, ga iska da kan hana jirgi kusantar gaɓa a kan kari. Mutumin Dogon Dutsi ko Matankari ko Tibiri ba ya cikin masu wannan yawo, amma ya fi su sanin tambayar. Alhajin da ya sauka filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai yana yin ta. Ɗan ci-ranin da ya taso daga Kwatano ya ƙetare kogi da kwale-kwale daga Malanbil zuwa Gaya, kamar yadda matafiya suka koma yi bayan rufe iyakar a 2023, shi ma yana yin ta tun ƙafarsa ba ta taɓa gaɓa ba. Ra'ayina shi ne wannan lissafi yana cikin addini tsundum. Haƙƙi ne a kan mai dawowa ya sa lokaci, haƙƙi ne kuma ya bar rata a cikin lokacin, kuma a ratar nan ne tawakkalinsa yake fitowa fili.

Sai a fara da hanyar kanta. Daga Yamai zuwa Dogon Dutsi kilomita kusan 275 ne a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, ta Birnin Gaure da Doso da Kore Mairuwa. Jirgin ƙasa babu. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗe shi a watan Janairun 2016, amma bai zama hanyar da talaka ke yankar tikiti ya shiga ba, dogon Binin kuma da ya taso daga Kwatano a Faraku ya tsaya. Duk lissafin a kan mota yake. Manyan motocin kamfanoni masu zuwa Kwanni da Maraɗi da Damagaram da sassafe suke barin Yamai, da yawansu kafin gari ya waye, kuma da agogo suke tashi. Wanda gidansa ke bakin kwalta ya huta. Wanda zai wuce Tibiri ko Gecheme ko Dumega a kudu, ko Dogon Kiriya da Sukukutan a arewa, sai ya sauka ya nemi ƙaramar motar da ba ta tashi sai ta cika, ko ya hau kabu-kabu, wani ƙauyen ma sai ranar kasuwa mota ke shigarsa. Tafiya ce mai zango uku ko huɗu, kowane zango da irin lokacinsa: jirgin sama yana bin jerin da aka tsara a Jidda ko Madina, babbar mota tana bin agogo, ƙaramar mota tana bin cikar kujeru, hanyar ƙauye tana bin halin damina. Saboda haka jinkirin awa uku a zangon farko kan zama kwana ɗaya cur a na ƙarshe.

Nassin da kowa ya sani a wannan babi shi ne ayoyi na 23 da 24 na Suratul Kahfi, inda aka hori Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kada ya yanke cewa zai aikata wani abu gobe ba tare da ya jingina shi ga nufin Allah ba. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman kuma ta sanya abin da mutum zai aikata gobe da ƙasar da zai mutu a cikinta cikin abubuwan da rai bai sani ba. Mutane da yawa suna jin waɗannan ayoyi kamar hani ne ga sa rana. Amma ayar Kahfi ta ɗauka cewa mutum zai ambaci gobe, zai ƙulla niyya, sannan ta koya masa yadda zai ƙulla. Wanda iyalinsa suka tambaye shi ranar isowa ya ce “sai dai kun gan ni” bai jingina komai ga nufin Allah ba, domin bai ƙudura komai ba balle ya jingina. Wanda kuma ya sa aka kama masa kujerar motar asuba, alhali ƙarfe biyun dare aka ce jirginsa zai sauka, ya faɗi in sha Allahu da baki, amma tikitin da ke aljihunsa yana cewa ya san gobe sarai: ya san jirgi ba zai makara ba, ya san jakunkunansa za su fito da wuri, ya san ba wani dattijo a ayarinsu da zai faɗi a nemi likita. Ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid suna koyo tun a babin farko cewa imani ya haɗa furucin harshe da abin da zuciya ta ƙudura da aikin gaɓɓai. In haka ne, yarda cewa gobe a hannun Allah take dole ta bar alama a tsarin tafiya, kuma ban ga wata alama da za ta bari ba in ba sa'o'in da mutum ya ware don abin da bai sani ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce Hijira, domin tafiya ce mai zango-zango da aka haɗa da alƙawarin lokaci. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi da Sayyidina Abubakar sun ɗauki wani gwanin hanya haya, wanda malaman tarihi suka ambata da Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, mutumin da a lokacin bai musulunta ba. Suka damƙa masa raƙuma biyu, suka yi masa alƙawarin haɗuwa a kogon Sauru bayan darare uku. Kogon yana kudu da Makka, Madina kuwa tana arewa. A cikin kwanakin, Abdullahi ɗan Abubakar yana kwana wurinsu da labarin abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki wajen da dare don su sami madara, Asma'u ta ɗaure guzuri. A duba yadda abin yake: wurin haɗuwa sananne, rana ƙayyadadda, mai kawo labari, mai kawo abinci, sannan darare uku na jira don zafin neman ya lafa. Wanda ya fi kowa tabbacin kariyar Allah, wanda a cikin kogon nan ya kwantar wa abokinsa hankali, shi ne ya tsara wannan. Da sa rana yana rage tawakkali, da shi ne farkon wanda zai bar shi. Da barin rata tsoro ne, da bai zauna darare uku ba.

Za a ce, abin da aka rubuta ba makawa, wanda aka ƙaddara masa kwana a tasha zai kwana ko ya bar ratar mako guda. Gaskiya ne, sai dai wannan magana ba ta zaɓar wa kowa komai, domin ta hau kan mai rata da marar rata daidai wa daida. Tsohuwar muhawara ce. Lokacin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya kai Sarg a hanyarsa ta zuwa Sham, ya ji labarin cutar, ya yi shawara ya yanke komawa. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ma a cikin ƙaddarar take, sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya ƙarfafa hukuncin. Annabi Yaƙub, a Suratu Yusuf, ya umarci ’ya’yansa su shiga birni ta ƙofofi daban-daban, a numfashi guda kuma ya gaya musu dabararsa ba za ta tunkuɗe hukuncin Allah ba. Ba a tambayar bawa abin da aka rubuta, tun da ba a nuna masa ba. Abin da aka nuna masa shi ne jiragen alhazai kan yi jinkiri, kwari kan cika da ruwa a watan Yuli, dare kuma ba lokacin bin kowace hanya ba ne a shekarun nan. A kan wannan sanin za a tambaye shi.

Amma da a ce lamarin matafiyi kaɗai ya shafa, da ban tsananta ba; mutum yana da damar wahalar da kansa. Abin da ya mai da shi haƙƙi shi ne masu jira. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin mutumin da ya daɗe ba ya gida ya faɗo wa iyalinsa da dare, kuma Ka'abu ɗan Malik ya ba da labarin cewa Annabi da hantsi yakan shigo daga tafiya, ya fara da masallaci ya yi raka'a biyu. Malaman sharhi irin su Nawawi sun bayyana cewa idan labarin isowa ya riga ya kai gida, hanin ya sauka, domin abin da ake gudu shi ne ba-zata. Ke nan shari'a ta ɗauki sanin lokacin isowa a matsayin abin da iyali suke bin matafiyi. To a ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da kewayensa, wannan sani kuɗi ne da wahala. In alhaji ya ce ranar Talata, ƙannensa za su yi shatar mota su tarye shi a kwalta, za a daka hatsi, za a yanka abin yankawa, ’yan'uwa daga ƙauyuka za su bar gona su zo, tsohuwa za ta zauna a zaure tun safe. In Talata ta wuce babu shi, abincin ya lalace, kuɗin mota sun tafi, zukata kuma sun fara saƙa abin da ba shi ke nan ba. A nan wani hukuncin Malikiyya yana da amfani. Mashahurin ra'ayi a mazhabar, wanda Ƙarafi ya tattauna a littafinsa Alfuruƙ, shi ne alƙawari yakan zama dole idan ya sa wanda aka yi wa ya shiga wani nauyi saboda shi, kamar ka ce wa mutum ya yi aure za ka ranta masa sadaki, ya je ya yi. Hukuncin na dukiya ne, kuma ba na cewa alƙali zai ci alhaji tara don jirgi ya makara. Ina cewa ma'aunin ɗaya ne: maganar da za ta sa wani ya kashe abin hannunsa ba a sakinta a kan lissafin da sai komai ya tafi daidai yake cika.

Wani zai kawo hadisin da ke cikin Muwaɗɗa da sauran littattafai, mai kwatanta tafiya da yankin azaba, mai umartar wanda ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa, ya ce barin rata saɓa wa wannan ne. Ban ga saɓani ba. Hadisin yana magana da wanda ya gama abin da ya kai shi ya tsaya yawon kasuwa, ko ɗan ci-ranin da damina ta kama shi a Abijan don ya saba da can. Gaggawar da aka nema ita ce ta tasowa. Wanda ya taso, ya isa Yamai da tsakar dare, ya kwana ya bi motar da zai iya samu cikin natsuwa, yana kan hanya ne, har ma yana ƙasaru. Sauri kan haifi nawa, kuma a wannan hanya nawar da yake haifa ba ƙarama ba ce: gajiyayyen mutum da ya rasa babbar mota shi ne mai faɗawa duk motar da ya samu, ko da an yi mata lodin da ya wuce kima, ko da direbanta bai runtsa ba.

Tarihin aikin hajji daga ƙasar Hausa ya nuna ɗaya ƙarshen, wato tafiyar da ba a sa mata ranar dawowa. Kafin jirgin sama ya yawaita, mahajjata ta ƙasa suke bi, ta Fort Lami da Abeshe da Janaina da Fashir, wanda ke da hali ya shiga jirgin ƙasa a Ubayyid, inda dogo ya isa a 1912, sannan jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Shekaru ake yi. Da yawa sun tsaya aikin auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe da madatsar Sannar a 1925, don su tara kuɗin zango na gaba, a zuwa ko a dawowa. Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya yi nazarin Hausawan Sudan da suka haifi ’ya’ya da jikoki a can suna kallon kansu matafiya har yanzu, masu jiran lokacin da Allah zai buɗe hanya. Ina ganin girman waɗannan mutane, kuma talauci da nisa ne suka tsare mafi yawansu. Amma kowane ɗayansu ya bar wani a baya, kuma fiƙihu bai manta da na bayan ba. A Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace a ƙasar Musulmi tana kai ƙara, a bincika, a sa mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba, bisa hukuncin Sayyidina Umar. Shari'ar da ta fi kowa girmama ƙaddara ita ce ta ƙi barin mai jira ba iyaka. Abin da ta yi wa shekaru, ruhinsa bai ɓace ba don zancen ya koma na sa'o'i.

Akwai kuma masu cewa duk wannan zancen agogo baƙo ne, namu lokacin na Allah ne, mota in ta cika ta tashi. Mutanen da ke tsai da salla biyar da inuwa da alfijir, suke kama azumi da ganin wata, suke tsayuwar Arfa a yini ɗaya tak cikin shekara, ba su ne za a koya wa ƙayyade lokaci ba. Motar da ke jiran cika ma lissafinta ya fi na agogo wuya, sai wanda ya san ranakun kasuwanni da sa'ar da fasinja ke ƙarewa. Ƙasar Arewa tana da tsohuwar hanyarta ta tunkarar abin da ba a sani ba, daga dutsen Tunguma na Lugu da ake kai wa tambaya har zuwa mai duba da ke zaɓa wa matafiyi ranar fita. Buƙatar da ke ƙarƙashin haka ta gaskiya ce, domin hanya tana cin mutane. Inda na rabu da ita shi ne tana neman ta yaye labulen gobe. Mai barin rata ya yarda labulen ba ya yayuwa, ya tsara tafiyarsa a kan haka, kuma wannan ya fi dacewa da tauhidi.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta aljihu. Rata kuɗi ce. Kwana ɗaya a Yamai masauki ne da abinci da taksi, ga mutumin da ya sayar da shanu ya biya kujera, ya dawo guzuri ya ƙare ƙaf. Ɗan ci-ranin da ke lissafin kowace dala don hatsin da zai ci da iyali kafin kaka ba ya son jin zancen kwanan hanya. In aka ce rata alamar imani ce, ashe an mai da imani na masu hali? Wannan suka tana da gaskiya a ciki, kuma ba zan shafe ta da daɗin baki ba. Amma rata iri biyu ce. Akwai ta tikiti, wadda ake biya, akwai ta baki, wadda ba ta cin ko dala: mai zaton isa Talata ya ce wa gida Laraba ko Alhamis, kada a ɗora tukunya sai ya kira daga Doso. Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan fiye da kowane zamani. Ta tikitin kuma, talaka ne ya fi cutuwa in babu ita, domin mai kuɗi in ya rasa mota sai ya yi shatar wata, shi kuwa sai ya sake biya daga abin da babu. Sannan nauyin ba nasa ba ne shi kaɗai. Al'adar masauki, da ta riƙe fataken Hausa a zangunan Gwanja da Kumasi, ita ce ta mai da kwanan hanya abin da talaka ke iyawa, kuma ɗan Arewa mazaunin Yamai da ya buɗe zaurensa ga alhajin ƙauyensu yana raya ta. Masu riƙe da jadawali, daga hukumar alhazai ta COHO da kamfanonin jigilarsu har zuwa masu manyan motoci, su ma suna cikin hukuncin alƙawarin nan, har sun fi shiga, domin dubban mutane ne ke gina lissafi a kan maganarsu. Faɗin lokacin da ake da tabbacinsa, sanar da canji da wuri, da yarda wanda jirgi ya makarar ya mai da tikitinsa na gobe, duk rata ce da mai ƙarfi ke bai wa marar ƙarfi.

Saura manomi. Hajjin 2024 a tsakiyar Yuni ya faɗo, na 2025 a farkonsa, don haka dawowar alhazai ta yi karo da ruwan shuka a Arewa, wanda kuma ’yan ci-rani ke tsere da shi kowace shekara. Hatsi ana shuka shi ne ƙasa tana da laima, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi, kuma wanda ya ji an yi ruwa a Matankari yana zaune a Jidda ba zai ji daɗin wa'azin natsuwa ba. Ratar irin wannan mutum tun kafin ya fita ake barinta: iri a ware, ƙane ko ɗa ko maƙwabci a wakilta, a gaya masa kada ya jira kowa in ruwa ya sauka. Wanda ba shi da mai tsaya masa, gaggawarsa halal ce, ya nemi mota ta farko da zai iya samu. Abin da ya rage a kansa shi ne ya duba motar da zai shiga, kuma in ya kira gida ya faɗi abin da ya sani kawai, cewa ya sauka Yamai lafiya, zai sake kira in sun wuce Doso.